Zuciyar da na zauna a kai

Jama'a, yau ƙawata Rifkatu ta ci amanata a birnin Edinburgh!

Tun daga unguwarmu ta Cheetham Hill take cika baki, wai a Edinburgh ta yi karatu, ta san garin ciki da waje. Muna yawo sai ga zanen zuciya a ƙasa, an jera shi da duwatsu. Gwanin kyau!

Na ce, "Ɗauke ni hoto in tura wa maigida."

Ta ce, "Zauna a kai. Dafa hannu lallenki ya fito."

Na baza sabuwar abayata na zauna, har da murmushi!

Ina tashi, wani dattijo ya zo wucewa. Tuf! Ya tofa yawu a tsakiyarta. Wata mata ma, tuf! Na ce, "Lafiya?" Dattijon ya ce al'adarsu ce, tofawa ake yi don neman sa'a.

Na juya, Rifkatu ta riƙe ciki tana dariya.

"Au, kin sani?"

"Ni da duk jarrabawa sai na zo na tofa!"

Maigida kuwa har ya ɗora hoton da na tura masa a status ɗinsa, kowa na gani.