Shafin da Aka Ba Maƙwabcina

Tun ina yaro a Kano nake sayen tsofaffin littattafan labarin zane a wurin masu gwanjo, amma sai da na zo Amurka na san ana sayar da asalin shafukan, wato takardar da mai zanen ya yi wa aiki da hannunsa kafin a kai ta ɗab'i. Idan ka duba da kyau za ka ga sawun fensir ƙarƙashin tawada, da farin fentin da aka rufe kuskure da shi. Ina aikin haɗa magunguna a Silver Spring, kuma duk shekara ina shiga Washington taron baje kolin masu zane. A hankali na tara 'yan shafukana.

Akwai wani da na yi shekara uku ina hange. Na wani tsohon Bature ne ɗan Beljiyam, mai zama a teburin ƙarshe kusa da ƙofar fita. Zanen babbar mota ce a tasha, an lafta mata buhuna, fasinjoji sun hau bisa kaya. A kusurwa ya liƙa 'yar takarda cewa ba na sayarwa ba ne. Turancinsa kaɗan ne. Duk shekara sai in gaishe shi, ya ɗaga min kai, in daɗe a tsaye, in wuce.

Maƙwabcina mutumin Damagaram ne, direban tasi, ƙofarmu na kallon juna. Wata Asabar ya gan ni da faffaɗar jakata ya tambayi inda za ni. Na ce ya biyo ni, kuma gaskiya so nake in burge shi. Tun daga Silver Spring har muka sauka daga jirgin ƙasa ina yi masa karatu a kan tawada da takarda, yana cewa, "To, Alhaji."

Da muka isa teburin tsohon, sai maƙwabcina ya sunkuya kan zanen, ya ɗora yatsa a iska, ya faɗi wata magana da Faransanci. Tsohon ya cire tabarau ya fashe da dariya.

"Me ka ce masa?" na tambaya.

"Na ce wanda ya ɗaure kayan nan bai san aiki ba. Kafin su kai garin Tanut rabi ya zube."

Ashe tsohon ya ratsa Nijar yana saurayi, kuma a tashar Damagaram ya ga motar. Ya jawo wa maƙwabcina kujera. Suka yi ta hira, ni ina tsaye da jaka kamar mai jiran layi a asibiti, ina murmushi duk lokacin da suka yi dariya ba tare da na ji ko kalma ba. Daga ƙarshe tsohon ya ɓare 'yar takardar nan, ya yi rubutu a ƙasan shafin, ya miƙa masa.

"Kado ne ya ba ni," in ji maƙwabcina, yana nufin kyauta. Ya fara ƙoƙarin naɗe shi kamar kalanda. Na riƙe hannunsa da ƙarfin da ya ba mu mamaki mu duka biyu.

A gidansa ya manna shi da salatif a bangon falo, daf da kicin, inda tururin miya ke wucewa. Na yi kwanaki ba ni da zance sai wannan, har matata ta ce, "Malam, ba tururin ne ke damunka ba. Ka yi istigfari kawai."

Sai na je na ce masa zan sa wa shafin firam mai gilashin da ke tare hasken rana, gudummawata ke nan. Aikin kwana huɗu ne, amma na riƙe shi mako uku a kan teburina. Ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya, na shimfiɗa masa shafukana guda uku mafi kyau, na ce mu yi musaya.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. "Suna da kyau, Alhaji. Amma mahaifina a tashar nan ya yi lodi har bayansa ya ranƙwafa. Wannan mai rawanin da ke jan igiya a zanen, ni dai na ɗauke shi a shi ne."

Na tattara shafukana na mayar jaka. Na ɗauko masa nasa, har na riƙe masa guduma ya kafa ƙusa nesa da kicin.

Yanzu ba ya fashin taron. Yana bin teburan masu jin Faransanci yana gyara musu ɗaurin kaya da zaman raƙumi a zanensu, kuma ba ya dawowa hannu wofi. Kwanan baya ya tare ni a matakala ya tambayi yadda ake kare takarda daga danshin iska lokacin zafi. Zuciyata ta raya mini in ɓoye masa, amma na gaya masa gaskiya, na kuma rubuta masa irin jakar da zai nema.