Fim Ɗin da Na Kasa Faɗa wa Yaya

Yayata ce ta ɓata min kallon fim. Tun muna yara a Lafia, in kowa na bin jarumi da ido, ita sai ta zungure ni ta ce, "Rabu da shi, duba inda aka ajiye kyamara." Haushi nake ji, don ni faɗa da waƙa suka kawo ni. Da na girma kuma sai na tarar da irin idonta nake kallo.

Ciwon suga ya cinye mata gani, ta bar koyarwa a Obi ta dawo gida. Sai muka sake tsari. Ranar Asabar da hantsi nakan zo da kwamfuta mu zauna a baranda, tana sauraren maganar 'yan wasa, ni ina gaya mata abin da ake nunawa. Da finafinai masu surutu abin ya tafi sumul, har gyara min take yi.

Wata Asabar na kawo wani da ake ta yabo, labarin tsohuwar da 'ya'yanta suka watse birni. Ashe kusan babu magana a cikinsa. In mutum ya fita daga ɗaki, kyamara ba ta bin sa, sai ta tsaya kan kujera da labule har ka ƙosa.

Yaya ta ce, "Ya maƙale ne?"

"Bai maƙale ba. Ɗaki ne kawai, ba kowa."

"Kyamara tana motsi?"

"Ko kaɗan."

Ta yi murmushi. "To ba labarin masu tafiya ba ne, na wanda aka bari ne. Mai shirya fim ɗin so yake ka ji nauyin zaman."

Ta shiga tambayar haske, daga ina yake shigowa, ina ya kai a bango. Na ce rawaya-rawaya ne. Ta ce wane irin rawaya, na nunannen mangwaro ko na tsohuwar takarda? Na yi ta kame-kame. Ni da ake cewa bakina ba ya hutawa, na kasa siffanta mata launin haske.

Fim na ta tafiya, injin niƙan maƙwabta na ta ƙara. Can ta lalubo hannuna.

"Ƙanina, daina wahalar da kanka. Wannan na masu ido ne. Ni makauniya ce."

Duk tsawon jinyar ba ta taɓa furta wannan kalma ba, "idona na damuna" kawai take cewa. Na kai hannu zan kashe, ta riƙe ni.

"A'a, kalle shi har ƙarshe. Ina nan zaune."