Baban Walda da Kumfar da Bai Gani Ba

Kullum da safe, kafin a tayar da injuna, Baban Walda yakan cika kwamin gwaji da ruwa, ya goge tabarau da bakin riga, sannan ya kunna wutar waldarsa. Aikinsa shi ne haɗa siraran bututan jan ƙarfe su zama kamar ɗan ƙaramin lagireto, wanda ke zuƙe zafin cikin firji. In ya gama haɗa ɗaya sai ya ɗura masa iska, ya nutsa shi a ruwa, ya zuba ido. In kumfa ta taso, akwai yoyo. Gas zai tsiyaye, firji ya koma akwati kawai.

Ni direba ne a kamfanin da yake aiki, na kuma sha tsokanarsa: "Baba, kifi kake jira ya fito?"

"Kai dai je ka duba tayarka," yakan ce.

Watan jiya muka loda kayan da za a saka a firjin ajiyar jini na wani asibiti. Na tayar da mota ke nan, sai ga Baba ya tare ƙofa. Ashe Mai Fenti, wadda teburinta ke kusa da nasa, ta nuna masa kumfa a kwami, daga wani da ya riga ya ce lafiyarsa lau. Ya duba, ya sake dubawa, bai ga komai ba.

"A sauke kayan nan," in ji shi.

Manaja ya ja shi gefe. "Baba, in aka sauke, na sama za su tambayi dalili. Ka san abin da zai biyo baya, ga autarka ba ta gama makaranta ba."

"Faɗa musu idona ya tafi. Jinin mutane ba zai lalace don in ci gaba da zama a kujera ba."

Muka sauke. Mai Fenti ta tsaya bakin kwami aka sake gwada su ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna yoyo.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma raina bai so ba.

Baba, kai ne mai gaskiya ko a kan kanka. Da ka yi shiru, ba mai ganewa sai bayan watanni, a wani ɗakin da ba ka taɓa shiga ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya buɗa wa auta hanya. Mu da muka rage, ranar da ido ko hannu ya fara gazawa, mu faɗa da bakinmu kamar yadda ka yi.

Wanda za a ƙara wa jinin nan ba zai taɓa sanin ka ba, Baba. Zai dai warke, ya koma wurin iyalinsa.