Yatsun Inna Laraba

Ban taɓa mantawa da wata Alhamis ta bazara ba, lokacin ina ma'aikacin wucin gadi a teburin ɗaukar yatsu na rajistar katin ɗan ƙasa a Ikara. Har yau in na tuna sai dariya ta ƙwace mini ni kaɗai.

Ga yadda aikin yake, don waɗanda ba su sani ba. A rubuta bayanan mutum, a ɗauke shi hoto, sannan ya ɗora yatsunsa a kan wata 'yar na'ura mai gilashi. In ta karanta zanen yatsa sai ta kawo koriyar wuta, in ta ƙi sai ja. Dokar shugabanmu Malam Sabi'u ita ce gwaji uku. In ba ta ɗauka ba, a tura mutum Kaduna, a kira na gaba.

Wajen azahar layi ya zo kan wata tsohuwa daga Furana, Inna Laraba. Ɗanta ya biya mata kujerar Makka, fasfo kuwa ba ya yiwuwa sai da lambar katin, ga shi ana gab da rufe karɓar takardu. Ba ta zauna ba sai da ta yi mini gaisuwar mutanen da: ina gajiya, ya zafi, ya mahaifiya, ya mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa katse tsoho ba na iya shi. Muna ta "lafiya lau", Malam Sabi'u yana ta hararar agogo.

Ta ɗora yatsa, ja. Da na duba hannun sai na ga dalili: surfe da ɓarar gyaɗa sun cinye zanen, fatar ta bushe kamar bayan ƙwarya. Na biyu ja, na uku ja. Na saci na huɗu da na biyar, ina goge gilashin da bakin rigata.

"Isiyaku, gwaji na nawa ke nan?" in ji Malam Sabi'u.

"Ranka ya daɗe, lissafin ya ɓace mini."

"Ni bai ɓace mini ba. Rubuta mata takardar Kaduna."

Na gaya mata, wallahi tausayi kamar in yi kuka, don na san kafin ta kai Kaduna ta dawo an rufe. Sai ta ce, "To, in da rabo za a je. Amma kai ɗan nan ka girmama ni, ba na tashi ban sa maka albarka ba."

Ta ɗaga hannu ta shiga jerowa. Allah ya yi maka albarka, Allah ya sa ka gama da iyayenka lafiya, Allah ya ba ka mace tagari, Allah ya raba ka da fushin manya. Layi gaba ɗaya ya ɗauki amin, har Malam Sabi'u, don wa zai ƙi amin? Ta tofa a tafin hannu, ta shafa a fuskarta mai gumi. Ta dafa tebur za ta miƙe, sai babban yatsanta ya sauka a kan gilashin.

Kore!

Ban san lokacin da na daka tsalle ba, kujerata ta kife. "Inna, kada ki motsa! Don Allah kada ki motsa!" Na bi yatsun goma ɗaya bayan ɗaya, ina ɗauka maza na kabbara, wata mata daga baya ta rangaɗa guɗa. Inna kuwa sai tambaya take ko wani abu ta ɓata.

Malam Sabi'u ya gyara murya ya ce, "Jama'a, danshi ne kawai. Busasshen yatsa ne na'ura ba ta gani."

Wani dattijo ya ce, "Mun ji, ranka ya daɗe. To wa ya kawo danshin?"

Nan take layi ya rabu biyu. Tsofaffi suka ce sai sun biya ta wajen Inna kafin su zo teburina, ita kuma ba ta sallami kowa ba tare da addu'a ba.

Yanzu muna ajiye jiƙaƙƙen soso don irin wannan, kuma yana aiki. Amma ku sababbin ma'aikata, ga abin da na koya: ba na'ura ce ta yi wa Inna rajista ba, mintunan nan ne da ta tsaya don ta gode wa wanda ya kasa biya mata buƙata. In tsoho ya buɗe baki zai sa muku albarka, ku ajiye biro ku ce amin.