Hannun Ɗan Magini

Sagiru ba a filin ƙwallo ya koyi kamu ba. A kan katanga ya koya, a Zinyau, inda mahaifinsa Malam Dalhatu yake gina wa mutane ɗakunan ƙasa. Magini yakan zauna a kan gini, ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje, na ƙasa ya riƙa jefo masa tubali, shi kuma ya cafe ya jera. Tubalin ƙasa ba ya son ƙarfi. In ka tare shi da taurin hannu sai ya rugurguje. Sai dai ka bi shi kaɗan, ka bari ya zauna a tafinka da kansa.

Da ciwon baya ya hana Malam Dalhatu hawa, sai ya ɗora Sagiru a sama, shi ya koma jifa. Abu ɗaya yake maimaita masa: "Ko ya zo a karkace, kar ka ture shi. Kaina ne a ƙasa."

Daga can sama ana hango duwatsun Rano, da shanu suna gangarawa rafi a jere. Waɗanda suka san Sagiru a lokacin sun ce yakan kafa ido can nesa kamar mai jiran baƙo, hannuwan kuwa suna ta aikinsu ba tare da sun shawarce shi ba.

Samari suka fara sa shi gola da yamma, don ba ya son gudu. Daga wasan unguwa sai gasar ƙauyuka a Kibiya, inda wani mutum mai hular hana-sallah ya tsaya bayan raga yana kallonsa har aka tashi. Damina ba ta zagayo ba sai da mutumin ya tafi da Sagiru buga ƙwallo a birni. Bayan 'yan shekaru muka ji sunansa a rediyo, shi ne mai tsaron gida na wata babbar ƙungiya da ke buga gasar ƙasa.

An ce kamunsa ba shi da ƙara. Ƙwallo za ta taso da zafinta, ta iso hannunsa ta yi shiru kamar an lallashe ta. 'Yan kallo suna son haka. Kocin masu tsaron gida ne kaɗai abin yake damu, domin akwai ƙwallon da ba a kama ta: wadda ta jiƙe da ruwa, ko wadda ta sauko a tsakiyar cincirindo. Irin wannan dunƙule hannu ake yi a naushe ta can gefe.

"Kai Magini," in ji kocin wata rana a wurin atisaye, "wannan roba ce, ba ta fashewa. Naushe ta."

"To, Koci."

"Kullum to, kullum sai ka rungume ta kamar jaririya. Ko suna za ka yi mata?"

'Yan wasa suka yi dariya, shi ma ya yi. Amma kocin ya ja shi gefe ya ce masa akwai yaro a benci mai naushi kamar ɗan dambe, kuma ƙungiya ba ta jiran kowa. Ran da kamun nan ya jawo asara, ran nan zai miƙa safar hannu.

Sagiru ya yi ƙoƙari. A atisaye yana naushin, har ƙwallo ta tsallake shinge.

Sai aka je wasa kudu ana tsakiyar damina, ana neman canjaras kawai a tsira daga faɗuwa daga gasar. Mutanen Rano sun cika gidan kallo tun bayan la'asar. Ruwa ake yi a can kamar an tsage sama, babu wanda ya ci, lokaci ya kusa cika, aka ba masu gida bugun kusurwa.

Ƙwallon ta taso. A allon talabijin ta zama kamar ba ta son saukowa, tana juyawa a hankali cikin ruwan. Sagiru ya tashi sama da hannu a dunƙule, kowa ya gani. A daidai ƙarƙashinsa wani ɗan bayansu ya zame, ya faɗi rigingine, fuskarsa na kallon sama. Ba mu san abin da Sagiru ya gani ba a wannan ɗan lokacin. Mun dai ga yatsun sun buɗe.

Ta zauna a tafinsa kamar za ta tsaya. Sannan ta sulale ta bayansa, ta gangara cikin raga ba tare da gaggawa ba.

A gidan kallo, wani dattijo daga Zinyau ya tashi ya sa takalmansa ya fita.

Kocin ya cika maganarsa. Sagiru ya zauna benci, daga nan ya koma wata ƙaramar ƙungiya, daga nan kuma gida. Yanzu yana noman rani, yana kai tumatur kasuwar Kibiya. Har yau in ana sauke kwanduna daga mota, shi ake kira.

Ran wata kasuwa, Sharu mai albasa, maƙwabcinsa a rumfa, ya ce masa, "Gola, tsakani da Allah, da ƙwallon nan za ta dawo yau, ai naushinta za ka yi ko?"

Sagiru ya daɗe yana kallon hanyar Kano, inda wata tasi take loda fasinja.

"Da na ɗan ƙara bin ta baya," ya ce. "Na yi saurin tare ta ne."

"Ka ji shi," in ji Sharu. "Har yanzu kamawa zai yi."

Sagiru bai musa ba. Wata mata ta tsaya tana tambayar tumatur, ya juya wajenta.