Bayan An Cire Nonon

Sati uku bayan an cire mini nonon hagu, likita ta zaunar da ni ta ce aiki ya yi kyau, amma an samu ciwon dajin a ƙulluttai biyu na hammata. Shawararta ita ce a ci gaba: ƙarin ruwan magani, wanda suke kira kemo, sau shida, sannan a gasa wurin da na'ura. Ta lissafa mini abin da zai biyo baya: amai, kasala, zubewar gashi. Na tambaye ta ko idan na yi maganin, ciwon ba zai dawo ba.

"Ba zan yi miki wannan alƙawari ba," in ji ta. "Zai dai rage yiwuwar dawowarsa. Ki je ki yi tunani, amma kada ki wuce sati biyu."

Ni a raina na riga na gama. Na ba da nono, me kuma ake nema? Ban da haka, na ga kemo da idona. A gidan haya da muke zaune a unguwar Maamobi akwai wata maƙwabciyata da ba ta kai ni shekaru ba. Ta sha wannan maganin, ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta, kuma duk da haka ta rasu.

Mijina direban trotro ne, wato bas ɗin haya, tsakanin Circle da Nima. Badagombe ne, ba mai yawan magana ba, kuma Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk "kai" ne. Na faɗa masa ba zan yi ba.

"Jiki naka ne," ya ce. "In ka ce a'a, ni ba zan ja ka ba. Amma in ka ce i, ni zan kai ka kowane rana."

Bai sake tayar da maganar ba. Sai dai kullum da azahar ya ajiye mota ya kawo mini lemo ɓararre, abin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin da aurenmu.

Na koma kan keken ɗinkina, ko da yake hannun hagu ba ya ɗagawa sosai. Masu kawo ɗinki kowa da tata shawarar. Wannan ta ce maganin gargajiya, waccan ta ce kemo shi ke kashe mutane. Ina jin daɗin maganarsu, don abin da nake so in ji ke nan.

Saura kwana uku wa'adin ya cika, na tafi wajen mahaifiyar marigayiyar, tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai a bakin titin Nima. Na tabbata za ta ce kada in yi. Na same ta da hantsi tana wanke ƙwarya, ta matsa mini a kan benci.

"Mma, sun ce in yi irin maganin da aka yi wa 'yarki."

Ta tsame hannunta daga ruwa ta goge a zani.

"Kin san shekara nawa ta ɓoye mini ciwon? Biyu. Tana shafa mai, tana ɗaure ƙirji. Ranar da na gani, wurin ya riga ya fashe. Likitoci sun gaya mana tun farko ba warkewa za ta yi ba, lokaci kawai za a ƙara mata."

"To ya ƙara?"

"Ta ga saukar karatun ɗanta. Ta yi azumi ɗaya da mu, ko da ba ta iya ɗauka ba." Ta kife ƙwaryar. "Ta sha wahala, ba zan ɓoye miki ba. Ni na riƙe mata robar amai. Ba zan ce ki yi ba, 'yata, ba zan ce ki bari ba. Amma kada ki bari saboda ita. Naki daban ne."

Ta zuba mini koko, ta tsaya a kaina har na shanye.

Na yi istihara, ban yi wani mafarki ba. Na dai lura cewa tsoron amai nake ji, ba wai na gaji da duniya ba. Ina son ganin auren 'yata. Ina son ƙananan abubuwa ma, kamar ɗinkin Sallah da nake ƙorafi a kansa kowace shekara.

Ranar Litinin na koma na sa hannu.

Ya yi wuya fiye da yadda aka faɗa. Bayan kemo na uku na ce na daina, na kwana biyar ina kuka, sannan likita ta canza mini maganin amai na koma. Gashina ya zube a sati na uku. Mijina ya aske sauran da hannunsa, a hankali, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya jawo.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Ina zuwa a duba ni duk wata shida, kuma kowane zuwa gabana sai ya faɗi. Hannun hagu yana kumbura idan na daɗe ina ɗinki, don haka na rage karɓar aiki. Bara aka yi auren 'yata, ni na ɗinka mata kayan fitar biki, a zaune, cikin sati biyar.