Katangar da jikana yake kai wa karo

Shekarun baya kaɗan, jikana ya kife da mota a hanyar Badar. Wasan nan na samari suke yi, na murza mota tana kuka. Shi ya rayu, amma ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Abokinsa da ke zaune gefensa, ɗan maƙwabciyarmu a nan unguwar Harra ta Yamma, shi aka kai makwanci.

Da aka sallamo shi daga mustashfa, wato asibiti, ya shige ɗaki ya ƙi kowa. Ko gaisuwar mutuwar bai je ba. Abin da yake taɓawa kawai sitiyarin wasa ne da ke haɗe da talabijin. Uwarsa ta ce a ƙwace. Na ce a bar masa, amma zan zauna. Na shimfiɗa darduma a bayansa, carbi a hannu.

Ran nan na ce, "Kai, wace hanya ce wannan, ba ko mai tafiya a ƙasa?"

"Filin tseren Jidda ne, Sitti. Bakin bahar."

Sitti yake ce min, wato kaka. Rabi Larabci rabi Hausa ya yi min bayani. Wai gefen da muke shimfiɗa tabarma da can mu ci kifi, nan aka malala kwalta, aka gama shekara ba ta cika ba. Hanyar siririya ce, katanga dama da hagu, kwana kan kwana, direba ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya shige. In karo ya yi muni, sai a ɗaga jar tuta a dakatar da tseren. Ni da ban san alif ba, sai ga ni na haddace hanyar tseren masu jan kunne.

Amma ido ba ya buƙatar makaranta. Akwai wata kwana ta hagu da ba ya taɓa taka birki a cikinta. Kullum sai ya daki katangar, ya sake farawa.

"Me katangar nan ta yi maka?"

Ya ce, "Irin ta hanyar Badar ce."

"To ba ita ke binka magana ba, uwar abokinka ce. Sa rigarka."

"Khalas, bar maganar, Sitti, ba za ta so ganina ba."

"Na tambaye ka abin da take so?"

Ni na tura kekensa na guragu har ƙofar maƙwabciyarmu, wadda yake kira Khala, wato inna. Ta buɗe, ta tsaya tana kallonsa. Ba ta ce mu shiga ba, ba ta ɗora gahawa ba.

"Mene ne ƙarshen maganar ɗana?"

"Cewa ya yi in rage gudu, Khala. Na yi masa dariya."

Ta mayar da ƙofarta a hankali.

Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban roƙa masa ba, don ba ɗana aka binne ba. Amma ya fito. Kullum la'asar yana tura kansa masallaci, hanyar kuwa ɗaya ce, ta ƙofarta. Yana yi mata sallama. Wata rana ta amsa, wata rana ta yi shiru.